Mahaucin da Ya Ɗaure Gaɓoɓinsa

Duk wanda ya ci kasuwar Madarunfa wajen shekara goma bayan samun mulkin kai ya san Ɗan Baba mahauci, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ya ba arba'in baya, kuma tun da Allah ya yi shi ba a taɓa jin ya ce bai sani ba. Sauran mahauta nama suke sayar maka su sallame ka. Shi kuwa sai ya haɗa maka da karatu, ko kana so ko ba ka so. Ka zo sayen ƙafar akuya da hantsi, sai ka koma gida ka tarar an sauke miya babu nama.

Ga yadda yake yi. Zai ɗaga ƙafar sama yadda kowa zai gani, ya lanƙwasa ta, ya miƙar, ya ce gwiwa ƙyaure ce, gefe guda take buɗewa, wanda ya tilasta mata ɗaya gefen ya ɓalle ta. Ya jawo cinya ya nuna kan ƙashin nan mulmulalle da ramin da yake zama a ciki, ya ce ƙugu da kafaɗa taɓarya ce cikin turmi, tana juyawa duk inda ta ga dama, shi ya sa ba ta da wuyar gocewa. Ya shafa farin guringuntsi da yatsa, ya lakato ruwan nan mai yauƙi da ke hana ƙashi cin ɗan'uwansa, ya kai wa mai saye har bakin hanci. Ya ja jijiyoyin da suka haɗa ƙashi da ƙashi, ya ce mutum ma haka yake, riga ce kawai ta rufa masa asiri. A ƙarshe ya rantse cewa likitan da ya yi karatu a ƙasar Faransi bai kai shi sanin gaɓa ba, don likita daga waje yake latsawa, shi kuwa kullum yana ciki. Abin haushin, yawancin abin da yake faɗa gaskiya ne. Da ƙarya ce zalla, da abin bai kai inda ya kai ba.

A shekarar nan Sarkin Fawa Ibrahim ya ga tsufa ya cim masa, ido ya yi rauni har yana kiran tunkiya akuya, ga shi ba shi da ɗa namiji. Ya tara mahauta ya ce in an gama cirar gyaɗa za a yi wasa irin na da. Za a kawo bijimi daga garin Gabi a ɗaure shi da igiya a fili, wanda ya hau ƙaho shi zai naɗa wa rawaninsa da hannunsa. Hawan ƙaho kuwa ba hawan jaki ba ne. Mutum zai tunkari bijimi gaba da gaba, ya yi tsalle ya kifa cikinsa tsakanin ƙahonin, ya rungume wuya, ya maƙale fuskar dabbar da ƙafafu, a yi ta girgiza har ɗayansu ya gaji. Mutum biyu ne suka isa neman sarautar, Ɗan Baba da Lawali. Shi Lawali ba mai yawan magana ba ne, kuma ya taɓa hawa da ƙuruciya, bijimi ya gocar masa da kafaɗa, har lokacin hannunsa na hagu ba ya wuce kunne. Nan take ya ce shi ya yafe.

Fili ya rage wa Ɗan Baba shi kaɗai, kuma duk duniya babu abin da yake so kamar rawanin nan. Kakansa ya riƙe shi, ubansa ya mutu yana jiransa, shi kuma shekara ashirin yana faɗa wa mutane cewa saura ƙiris. Sai dai akwai abin da ba ya faɗa a rumfa: bai taɓa hawa ƙaho ba. Duk shekarar da aka yi wasa, ko dai ya tashi da ciwon ciki, ko a yi rasuwa a wani ƙauye da shi kaɗai ya san sunansa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin mai sa tafin hannu gumi. Kwana uku yana fiɗa yana tunani. A na huɗu ya shigo gida da fara'a, ya sami matarsa Barira tana tankaɗe.

"Barira, na gano ƙohwar da ɓarna ka shiga jikin mutum," in ji shi. "Shekara talatin ina hiɗa, wuƙata ba ta taɓa karya ƙashi ba. Gaɓa nika nema in bi ta nan. Sa ma hakanan ne. Lawali kahwaɗa, wani gwiwa, wani wuyan hannu. Kin taɓa jin wanda ya goce a tsakiyar ƙwauri?"

"Ban taɓa ji ba. Sai mi?"

"Sai a ruhe gaɓoɓin. Mutumin da ba shi da gaɓa, ta ina sa za shi kama shi?"

Barira ta ajiye rariya ta tambaye shi ko yana ganin an sa masa gaɓoɓin ne don ado. Ya ce ai na yini guda ne, hutu zai ba su. Ɗanyar fata zai samu, a yayyanka ta, a naɗe masa kowace gaɓa da ita, in ta bushe ta kama kamar ƙarfe, ya zama ƙashi guda daga wuya har ƙafa. Ta tambaye shi da me zai yi tsalle. Ya ce tsalle a yatsun ƙafa yake, jahilci ne ya sa mutane suke wahalar da gwiwa, kuma yatsun zai bar su a sake. Ta tambaye shi yaya zai sauko. Ya ce ita matsalarta kenan, ba a hau ba tana zancen sauka. Ta ce to, tunda ya gama shawara da kansa, ita hannu kawai za ta sa.

Ranar wasa da sassafe ya yanka saniya, ya feɗe ta, ya bar wa abokan rumfa naman, ya kwaso fatar da ƙasusuwan haƙarƙari ya yi gida. Ya yayyanka fatar dogo-dogo kamar igiya. Don ya sami siffar wanda ke kan ƙaho, ya sa aka kwantar da turmi a tsakar gida ya hau shi, ƙafafu a buɗe gwiwa a lanƙwashe. Barira ta juye ruwan babbar randarta, aka kafa ta gabansa ya rungume ta a matsayin wuyan bijimi. Sai aka fara naɗi, shi yana kiran sunan gaɓa ita tana ɗaurewa. Idon sawu, gwiwa, ƙugu, wuyan hannu. Ta gitta fata ta kan kafaɗu ta ratsa ƙirji ta dawo ta hammata. A kowace gwiwar hannu ya sa ta ɗora ƙashin haƙarƙari, don shi ma a lanƙwashe yake, ta naɗe su tare. Da aka zo wuya ya ce a naɗe, ta ce in ta naɗe wuya fata ta bushe, sai dai shi a naɗa masa likkafani maimakon rawani. Ya yi tunani ya yarda aka bar wuya da muƙamuƙi. Barira ta ce da muƙamuƙin aka fara da ta fi jin daɗin aikin. Duk da haka ta ja kowane ɗauri da ƙarfin da ta daɗe tana ajiye masa.

Dabararsa ita ce da hantsi za a buga kalangu, lokacin fata ta fara kamawa amma da sauran laushi, ya zame daga randa ya taka a hankali zuwa fili. Sai dai ba a yi shawarar da bijimin Gabi ba. Da ya iso bakin gulbi ya sami inuwa da danshi, ya kwanta abinsa. Masu jansa suka yi duka, suka yi lallashi, suka murɗa wutsiya, ya ƙi tashi. Hantsi ya wuce, rana ta take tsaka, babu kalangu babu labarinta. Ranar kaka kuwa ba ta wasa da ɗanyar fata.

Da farko Ɗan Baba daɗi ya ji. Ya kira Barira ta ƙwanƙwasa masa gwiwa da muciya, ta yi ƙara kamar busasshiyar ƙwarya, ya ce ta ji ilmi. Can ƙudaje suka sami labari. Suka zo da ƴaƴansu da baƙinsu, suka raba shi unguwa-unguwa, wani babba mai kore ya zaɓi kan hanci ya zauna. Ɗan Baba ya hura masa iska da leɓe, ya murguɗa hanci, ya zage shi, ƙuda ya gyara zama. Sai ƙaiƙayi ya taso tsakanin kafaɗu. Ya roƙi Barira ta sosa, ta sosa ko'ina ban da wurin. Ta ba shi fura da ludayi, rabi ya shiga ciki rabi ya bi ƙirji, ƙudaje suka aika a kira sauran. Wajen azahar ungulu suka baro mayanka suka jeru kan darni suna kallonsa da haƙuri. Shekara talatin yana jifansu da dutse, yau ga shi zaune yana warin da suka sani, kuma ba ya motsi. Karen maƙwabta ya shigo, ya shinshina, ya zauna ya fara lasar haƙarƙarin da ke gwiwar hannun dama.

Dab da la'asar Sule mai kalangu, makaɗin mahauta, ya zo da gudu ya ce bijimi ya iso, fili ya cika, ga mutanen Safo ga na Gabi har da na garin Sarkin Yamma. Ya yi sallama ya shigo, ya ga maigida bisa turmi rungume da randa, ya juya zai koma yana neman gafara. Ɗan Baba ya kira shi ya ce asiri ne na kaka da kakanni, ya riƙe bakinsa, ya zo ya zare shi. Turmi bai ba da wahala ba, ta baya aka janye shi. Randa ce ta ƙi. Fata ta tsuke, hannuwa sun kama cikinta gam. Suka ɗaga shi, randa ta biyo shi. Barira ta riƙe randa Sule ya ja mutum, randa da Barira suka biyo shi tare.

"A hwasa ta," in ji Ɗan Baba.

"Randar da uwata ta ba ni?" in ji Barira.

"In na zama Sarkin Hwawa kin samu goma."

"Da wane hannu za ka ɗauko su?"

Sule bai jira ƙarshen zancen ba, ya ɗauki taɓarya ya rufe ido ya buga. Randa ta tarwatse, Barira ta tsaya tana kallon tsingaro. Aka tsai da Ɗan Baba kan ƙafafunsa, a gwale, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a buɗe kamar zai rungumi wanda bai iso ba. Ya ce su matsa su ga tafiyar yatsu. Ya motsa yatsu goma iya ƙarfinsa, ya tara ɗan tsibin ƙasa ƙarƙashin kowace ƙafa, bai gusa ko taki ba. Ya ce ƙasar gidan ce ba ta da kyau. Sule ya je ya aro amalanken jaki, Barira ta zura wa mijinta babbar riga ta rufe komai. Ƙofar gida ta yi masa kaɗan. Suka gwada ta gaba, suka gwada ta gefe, suka karkata shi kamar gado, daga ƙarshe suka tuge darni suka fita da shi ta garken awaki.

A hanya Sule ya ga bai kamata mai neman sarauta ya tafi shiru ba, ya saƙala kalangu a hammata ya fara kirari. Jakin nan bai taɓa jin kiɗa a bayan kunnensa ba. Ya zabura, ƙafar amalanke ta faɗa rami, Ɗan Baba ya mirgino ya faɗi rigingine a tsakiyar hanya, hannu da ƙafa duk a sama. Jaki ya yi gaba, Sule ya bi shi. Sai ga mata sun taso daga tafki da tuluna a ka, suka kewaye shi. Wata tsohuwa, Balaraba, wadda ta san shi tun yana tsirara, ta leƙa fuskarsa.

"Ɗan Baba, lahiya?"

"Lahiya lau, Inna. Sharaɗin maganin ne, sai bayana ya taɓa ƙasar gari kamin in hau."

"To ai ya taɓa. Tashi."

"Ba a tashi da gaggawa, Inna."

Suka ce ba komai, su ma ba gaggawa suke ba, suka sauke tuluna suka zauna jira. Karnuka uku suka iso, ungulu suka sauko kan wata gawo da ke kusa. Da Sule ya dawo da jaki, matan ne suka kama, biyu a ƙafa biyu a hannu, suka aza shi kamar buhun gero. Wata ta taɓa cinyarsa ta cikin riga ta ji tauri, ta janye hannu da sauri. Kafin amalanke ya isa fili labari ya riga shi, cewa Ɗan Baba ya sha maganin da ya mai da jikinsa ƙarfe, har tsuntsaye na yi masa rakiya.

Bijimin ja ne, dogo, mai faɗin ƙaho, kuma ya yini yana hutawa a inuwa, don haka ƙarfinsa cike yake. Igiya ɗaya a wuya, ɗaya a ƙafar baya, kowace da ƙarti biyar. Sarkin Fawa na zaune kan tabarma yana kallon inda ya ji hayaniya ta fi yawa, Lawali na tsaye gefensa. Aka sauke Ɗan Baba a tsakiyar fili, aka girke shi yana fuskantar bijimi, masu girkawa suka ruga. Sule ya matse kalangu. Bijimi ya dubi wannan abu mai riga, ya shaƙi warin saniya da na mutum a haɗe, ya yi huci ya fara tonon ƙasa. Masu igiya suka sassauta.

A nan duk ilmin Ɗan Baba ya gudu ya bar shi. Ya umarci ƙafafunsa su bi ilmin, yatsu kaɗai suka amsa. Ya buɗe baki ya yi ihu a riƙe igiya, kalangu ta danne muryar, mutane suka ɗauka kirari yake yi wa kansa. Abin da jama'a suka gani shi ne mutum tsaye, hannuwa a buɗe, bijimi na tahowa kamar kamyo, babbar motar kaya, ya tsinke birki, shi ko gezau. Tsofaffi suka dafa kafaɗun juna suka ce tun zamanin kakansa ba su ga zuciya irin wannan ba.

Bijimi ya sunkuyar da kai, ya shiga ƙarƙashin rigar, ya ɗebe shi. Ciki ya faɗa daidai tsakanin ƙahoni. Ƙarfin karon ya ɗan buɗe hannuwan, suka wuce wuya suka koma suka datse, ƙafafu kuma suka kama fuska kamar don ita aka auna su. Bijimi ya girgiza, ya yi sama ya yi ƙasa, ya juya ya ja ƙarti goma a ƙasa, ya kifar da tandar mai waina, ya zaga fili sau uku. Ɗan Baba na nan kamar an kafe shi da ƙusa. Wuyansa kaɗai ke da ikon motsi, kai na kaɗawa gaba da baya, hagu da dama, duk inda aka wuce sai mutane su ɗaga hannu suna amsa gaisuwa. Rigar ta rufe wa bijimi ido, nauyi ya ishe shi, ya yi tangaɗi, ya durƙusa ya fiddo harshe. Mata suka rangaɗa guɗa, fili ya ɗauka.

Da Ɗan Baba ya gane yana da rai, kuma ya ci, sai hawaye suka zubo masa. Ubansa ya tuna, da yadda tsohon yake sunkuyar da kai duk ranar da aka kira wani Sarkin Fawa a gabansa. Murna ce ta gaske, ba ta baki ba. Sai dai ba ta daɗe ba bakin ya dawo aiki, ya fara yi wa jama'a bayanin kafaɗa daga kan ƙaho.

Sarkin Fawa ya sa aka tsai da kiɗa, ya warware rawaninsa ya riƙe a hannu, ya ce ya isa haka, Ɗan Baba ya sauko ya karɓa. Ɗan Baba ya ce zai ɗan ƙara, don baƙin da ke baya su gani da kyau. Aka sake kira, ya ce yana jiran bijimi ya nemi gafara. A kira na uku mahauta biyu suka je taimako, suka kama ƙugunsa suka ja, kan bijimi ya biyo. Ɗaya ya ɗage rigar don ya ga inda ta maƙale. Sai ga fata da ƙasusuwa a fili. Sannan wani daga Safo ya fara dariya, ta kama kowa kamar wutar kara, har masu igiya suka zauna a ƙasa. Sarkin Fawa bai ga komai ba, ya ce a kai shi. Ya shafa gwiwa, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, hannunsa ya tsaya kan gwiwar hannu.

"Ɗan Baba, wanga haƙarƙari naka ne ko na saniya?"

"Na saniya ne, ranka shi daɗe. Ai dabara ce."

"Na ji dabara. To sauko da ita."

Ga rana na sunkuyawa, ga bijimi za a yanka a raba wa baƙi, ga wuyan da za a yanka a hannun mutum. Wani ya ce a kai su tafki su biyun a jiƙa, aka ce busasshiyar fata sai ta kwana biyu a ruwa, kuma ba a tambayi bijimi ba. Wani ya ce a kawo gatari. Ɗan Baba ya ce duk wanda ya kawo gatari Allah ya isa. Mahauta suka dudduba, suka ga fata ta nutse cikin nama, babu inda yatsa zai shiga balle wuƙa, kowa ya mai da tasa kube. Yatsun hannunsa kuwa sun fara kumbura sun yi baƙi. Sai Lawali ya tako, ya zaro ƴar ƙaramar wuƙa, ya wasa ta a dutse sau uku.

"Yaya, kar ka motsa," in ji shi.

"Yo da mi zan motsa?"

Lawali ya fara da wuyan hannu. Ya laluba da yatsa har ya sami ɗan kwarmin da gaɓa ke bari in ta lanƙwashe, ya zura bakin wuƙa a kwance, ya juyo kaifin waje, ya ɗaga. Fata ta tsinke da ƙara. Ya koma cikin gwiwar hannu, ya shiga hammata, ya gangara matsematsi, ya bi ramin bayan gwiwa. Duk wuraren nan jijiyoyin jini na kwance dab da fata, kuma kowa a filin ya sani, don Ɗan Baba na faɗa musu da ƙarfi, yana gargaɗi yana salati. Lawali ya ci gaba da aikinsa. Mutanen da suka yini suna ihu suka yi shiru har ana jin numfashin bijimi. Gaɓa goma sha biyu ya buɗe, duk wadda ya saki sai hannu ko ƙafa ya faɗi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Da ya yanke ta ƙarshe Ɗan Baba ya sulalo ta kan hancin bijimi ya zube a ƙasa.

Sarkin Fawa ya durƙusa ya shafa jikinsa tun daga wuyan hannu har idon sawu, ya murza yatsunsa, bai ji ɗigon jini ba. Ya miƙe ya taɓa tarin fata da ƙasusuwa da ƙafa.

"Na ce wanda ya hau ƙaho, kuma ga wanda ya hau nan tsibi guda. Saniya ce ta hau sa, da mutum ciki. Ni ba ni naɗa ma hwata rawani. Amma yau na ga wuƙa, da hannuna na gan ta. Lawali, matso."

Lawali ya ce shi ai ya yafe tun farko. Tsohon ya ce shi bai yafe ba, ya kama kan Lawali ya fara naɗi.

Ɗan Baba na kwance, jini na dawowa cikin gaɓoɓinsa kamar tururuwa dubu, yana kallon rawanin kakansa na zagaya kan wani. Baƙin ciki ya kama shi. Ya yunƙura, ya dafa ƙasa, ya miƙe, ya ɗaga yatsa, ya nufi wurin naɗin don ya faɗa wa duniya cewa an zalunce shi. Taku ɗaya, taku biyu, taku uku. A na huɗu gwiwoyin da suka yini a rufe suka lanƙwashe ba tare da sun nemi izini ba, ƙugu ya bi, hannun da ya ɗaga ya faɗi. Ya zube a durƙushe, hannu biyu a ƙasa, daidai ƙafafun Lawali.

A al'adar mahauta kuwa, in an naɗa sabon Sarkin Fawa, ɗaya bayan ɗaya ake zuwa a durƙusa a yi gaisuwa, kuma wanda ya fi kowa farin ciki shi ke fara zuwa. Sule ya matse kalangu ya shelanta cewa Ɗan Baba ne ya buɗe. Lawali ya ji kunya ta kama shi, ya sunkuya ya ce a hankali, "Na gode, Yaya. Tashi hakanan."

Ɗan Baba ya gwada, gwiwa ta ƙi. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Mahauta suka yi layi a bayansa suna jira, da suka gaji suka riƙa ratsowa ta gefensa, su gaisa su wuce. Aka gama gaisuwa, aka yanka bijimi, aka raba nama, yana nan a durƙushe. Baƙi suka koma garuruwansu suna ba da labari cewa sun sha zuwa naɗin sarauta, amma ba su taɓa ganin wanda ya yi murna da rawanin wani kamar Ɗan Baba ba.